Bangon Bayan Murhu

Valdemar ya zo da safe, ruwa na ɗiga daga hularsa,
ya ajiye abu biyu a kan teburin kicin:
tayil guda, fari fat, bai fi tafin hannu ba,
da yankin gilashi mai kalar teku idan hadari ya taso.
Ya ce, "Dona Graciete, zaɓi naki ne.
Ni dai ranar Litinin zan dawo da guduma."

A Setúbal nake, hawa na uku,
tagata na kallon kwale-kwalen masunta.
Shekara arba'in da ɗaya bangon nan yana shan tururi,
yana shan man zaitun, da tafarnuwa,
da tartsatsin kifi idan ya faɗa kasko.
Amílcar ne ya liƙa tayil ɗin da hannunsa,
shi da aikinsa gyaran injin jirgi,
bai taɓa riƙe cokalin magini ba.
Layi na uku ya karkace tun ranar,
ya rantse mini ginin ne ya karkace, ba shi ba.

Tamanin da huɗu ne. Na ƙirga su
a daren da aka kwantar da shi asibiti,
na sake ƙirgawa washegari, ba su ragu ba.

Albano ya kira daga Lyon, yana tauna wani abu.
"Mama, gilashi. Falle guda, babu tsagi, babu saƙo.
Shafa ɗaya da tsumma, kin gama."
Deolinda ta hawa na biyu ta hauro da sandarta,
ta ɗaga gilashin, ta taɓe baki:
"A ƙasar da coci ma tayil yake sawa,
ke za ki kafa madubi a bayan tukunya?
Tsohuwar zuma ai da ita ake magani."

Kowa da gaskiyarsa.
Amma babu wanda ya tsaya nan ranar Asabar
da tsohon buroshin haƙori, da lemon tsami, da gishiri,
yana bin tsagi ɗaya bayan ɗaya
har farin ya dawo, ko ya yi alkawarin dawowa.
Yatsuna yanzu sun ƙi lanƙwasa.
Murfin kwalba ma sai na jira ɗan maƙwabta.
Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo.

Da dare na jingina gilashin a bayan murhu,
na ɗora ruwan shayi don in gani.
Tururi ya hau shi, ya lulluɓe,
na share da gefen hannu,
sai ga wata tsohuwa tana kallona, da ludayi.
Mun daɗe muna duban juna.
Tayil bai taɓa yi mini haka ba,
shi rufin asiri ya iya.
Amma ban tsani matar ba.
Na ga kamar za ta yi daɗin hira.

Litinin, Valdemar ya ɗaga guduma, na ce dakata.
Na nuna masa na bakwai a layi na uku,
mai tsaga daga kunne zuwa kunne,
inda murfin tukunya ya sauka wata Lahadi
da ba zan faɗi wanda ya jefa ba.
"Wannan ka ciro mini shi da rai."
Ya yi minti ashirin yana lallashinsa da bakin wuƙa.

Yanzu bangon sumul, kore-kore,
shafa ɗaya, kamar yadda yaron ya faɗa.
Deolinda ba ta hauro ba kwana tara.
Shi kuwa na bakwai yana tsakiyar tebur,
a kansa nake sauke tukunya mai zafi.
Ba ya zama daidai, yana ɗan girgiɗi.
Teburin ne ya karkace.