Tankin Gidanmu a Rafin Daɗi

Tankin gidanmu ya ɓule a gindi,
ƙusa ce ko tsatsa, ba wanda ya sani.
Kawu Ɗayyabu ya cire tocila daga baki,
ya ce, "Ke mai karatun fiziks,
faɗa mani yaushe zai ƙare,
in san ƙarfe nawa zan taso mai walda."

Na zauna da biro da bayan kalanda.
Abin da na sani bai taka kara ya karya ba:
in tanki ya cika, ruwa na fita da fushi,
in ya yi ƙasa, sai ɗiga kamar mai jin nauyin mutane.
Saurin ya dogara ga zurfi,
zurfin kuma saurin ke cin shi.
Kowanne ya cakumi wuyan rigar ɗan'uwansa.

Dakta Murjanatu ta sha faɗa mana:
in biyu sun sarƙe, raba su tukuna.
Zurfi ya koma hagu da komatsansa,
lokaci ya tsaya dama shi kaɗai.
Sannan a tsince ƙananan canje-canjen
kamar geron da ya zube a tsakar gida,
a mayar da su mudu guda.

Na tsince, na tara.
Sai ga baƙon nan a ƙarshen layi,
harafin C, ba dangin iya ba na baba.
Takarda ta ce, ni dai na san yadda abu ke tafiya,
ban san daga ina ya taso ba.

Dole na hau tsani da karan dawa,
na tsoma, na zaro, na auna jiƙar:
kamu uku da taƙi ɗaya, ƙarfe tara da kwata.
Bayan rabin awa na sake hawa.
Baƙo ya sami suna.

"Huɗu da minti goma na asuba," na ce,
na ja layi biyu a ƙasa, irin na Dakta.

Biyu da rabi, shiru ya tashe ni.
Ba ɗis, ba ɗas.
Na ƙwanƙwasa tanki, ya amsa da muryar wofi.
Na koma kan kalanda, na bi layi-layi:
tushen zurfi yana nan, alamar ragi tana nan,
ban ga inda na yi tuntuɓe ba.

Da safe na tarar da Goggo Talatuwa bayan ɗaki,
bokiti huɗu, randa biyu, duk maƙil,
har da tukunyar suna da aka manta da ita.
Ta ce, "Da in bar shi ya bi ƙasa
ina jiran ki gama rubutu?"

Na ɗauko biro.
Gefen dama, kusa da ɓular,
na ƙara sashe guda, na sa mashi G.
Har yau ban samo dabarar warware shi ba.