Buhun Taki

Bar-su na raɗa mata,
saboda masu cewa me zan yi da karya.
Shekara shida tana gadin awakina,
ko dila bai taɓa ƙetare dangata ba.

Amma duk kaka sai ta shige ƙarƙashin rumbu,
ta zubo bakwai, wani zubin tara.
Tuwon gidana na mutum takwas ne,
ƙanzon ma da masu jiransa.
Sai in bari dare ya raba,
in kwashe su a buhun taki,
in taka har kwalbatin hanyar Gujungu,
in kwance bakin buhu, in juyo,
ba waiwaye.
Ita kuwa ta kwana uku tana shinshinar ƙafata,
nono na ɗiga a ƙasa.

Bara karnuka suka far wa Ladiyo 'yar Cindo,
tana dawowa daga kai abinci gona.
Jinya a Jahun ta cinye tumaki biyu.
Da samari suka kashe guda, na je na leƙa:
farar ƙafar hagu, kunne ɗaya a kwance.
Na san ƙafar nan.
A kafaɗata ta bar gida.

Ran Laraba mai shela ya zaga:
likitocin dabbobi sun sauka a firamare,
kare da kyanwa, aikin tsai da haihuwa, kyauta.
Dandali ya kaure.
Jatau ya ce shisshigi ne cikin halittar Allah.
Na ce, tauren da kake kiwo, wa ya dandaƙe shi?
Ya ce wannan daban.
Na yi shiru.
Zancen buhu ba na dandali ba ne.

Layi har gindin darbejiya.
Iya Tasalla ta rufe kyanwarta a kwando da faifai,
tana lallashinta kamar jika.
Yara biyar sun kamo muzurun da ya ƙarar da 'yan tsaki,
hannu duk yakushi, baki har kunne.
Likitar yarinya ce, bakin Haɗeja.
Ta tambayi suna, na faɗa,
ta yi dariya, ta rubuta.
Da allura ta shiga, Bar-su ta dube ni,
irin duban da take yi mini
in na dawo daga kwalbati.

Da la'asar na turo ta gida a baro.
Ɗinki takwas, na ƙirga sau biyu.
Na dama mata kunu da ɗan madara,
uwargida ta ce ita ko da ta haifi Auta
ba ta ga wannan gata ba.
Gaskiyarta.

Yanzu kaji ke kwana ƙarƙashin rumbu.
Bar-su ta yi ƙiba, haushinta na nan.
Buhun na wanke shi, na shanya a danga.
Bana wake zan zuba.