Awon Ƙafa

A Rijiyar Ɗorowa nake dukanci,
rumfata na kallon zauren Malam Labbo,
tsohon tafintan kotu, wanda ido ya fara yi wa rowa
amma kunne bai ba da baya ba.

Wata Talata ya ƙetaro da sandarsa,
ya ɗora ƙafar dama bisa kwalin awo,
na zagaye ta da fensir, diddige zuwa babban yatsa.
Ya ce, "Sannu dai, baduku, kak ka yi mani gaggawa.
Akwai wata kalma ta Turawa
da ta hana ni kwana shekara talatin."

Ya faɗe ta. Harshena bai iya ɗaukarta ba,
ta yi tsawo, ta yi santsi kamar kuɓewa.

Ya ce, "A tsohon ƙamus na bi sawunta,
wanda gara ta cinye wa bango.
Tushenta zuwa tare ne, haɗuwar abu biyu,
awa murfi da tukunya, awa kube da wuƙa.
Mutanen da, in sun faɗe ta,
abin da ya kamata suke nufi:
hukunci daidai laifi,
magana daidai mazauninta.
Sai ta yi ta tafiya, baki zuwa baki,
tana zubar da kaya a hanya
kamar jakin da mangalarsa ta ɓule,
har ta iso gare mu ba komi a bayanta sai sauƙi:
abin da bai sa ka gumi ba,
shagon da ke kusa, lokacin da ka ga dama.
Ƙanwarta ma na gan ta a rubuce
a ƙofar makewayin wata tasha."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na ce, kawo hagun.
Bai kawo ba.

"Shari'ar fadama ce," in ji shi, "ta bakin Rima.
Lauya ya miƙe, ya nemi a ɗaga zama
zuwa rana mai wannan kalma.
Na juya ga manomin, Arzika sunansa,
na ce, an ɗaga sai ranar da ta dace.
Ya shafa fuska, ya ce, Allah sa mu dace.
Damina huɗu yana zuwa da tabarmarsa.
Shi lauya ranar da ba shi da wani aiki yake nufi.
Ni na fassara kakar kalma,
alhali jikanyarta aka faɗa."

Na yi shiru ina wasa wuƙa.
Tamu ma ai ba ƙafa ɗaya ne da ita ba:
hula ta dace da kai,
na dace da kai a ƙofar kasuwa,
wane ya yi dace, hajarsa ta ƙare kafin azahar.
Kyau, da haɗuwa, da sa'a,
duk a kwano ɗaya muke cin su,
ba mu taɓa tambayar wa ya fara sa hannu ba.

Yara yanzu na roba suke saye,
lamba arba'in da biyu, kowa da kowa,
a zura, a wuce, ba awo, ba jira.
Ban ga laifinsu ba. Rana na da zafi a garin nan.

Kwana tara na yi a kan nasa,
jar fatar akuya daga hannun majema,
na bar wa ƙaramin yatsa ɗaki
don na ga ya karkace.
Da ya saka, ya taka uku, ya tsaya.
Na ce, yana matsi? In sassauta?

Ya ce, "Bar shi.
Fata za ta zo, ƙafa za ta zo.
A tsakiya za su gamu."

Ya ƙetare titi a hankali,
takalmin na ƙara, ƙiƙ, ƙiƙ,
har ya shige zaure.