Katin Hawa na Tara

Shekara goma sha ɗaya nake gadi
a wani dogon bene a Yeongdo, cikin birnin Busan,
inda iskar teku ke cin ƙarfen taga.
Sunana Pyo. Ba a tuna ni sai makulli ya ɓace
ko an rikice a wajen zubar da shara.

Ranar Talata nake baza manyan buhuna a filin mota.
Kwalba nan, gwangwani can,
kwali a ɓare masa salatif, a take shi ya kwanta.
Gorar ruwa sai an tuɓe mata riga,
an matse cikinta, an mayar da murfi.
Dokar hukumar birni ce, ba tawa ba,
amma ni ke shan harara.

Sauran abinci kuwa na'ura ke karɓa.
Ka goga kati, ta buɗe baki,
ka zuba, ta auna, ta faɗi nauyi da muryar mace,
ƙarshen wata kuɗin ya biyo ka har ɗaki.
Abin da dabba za ta iya ci, shi ne rabonta.
Ɓawon ƙwai, ƙashin kaza, busasshen ɓawon albasa,
waɗannan sai jakar da ake saye a kanti.
Na faɗa sau dubu, gobe ma zan ƙara.

Madam Ok mai gidan miyar kifi a ƙasan bene
ba ta cikin lissafinmu, 'yan kasuwa durominsu daban,
da tikitin da ake liƙawa a murfi.
Kullum dare tana tsugune tana matse ganye a kwando,
wai ruwa ma nauyi ne, nauyi kuma kuɗi,
ita ba ta biya wa ruwa haraji.
A wurinta na koyi lura.

Ta ce, "Ka kasa kunne ga katin hawa na tara."
Tsoho Seok Du-man.
Da, kilo guda duk kwana biyu, matarsa ke sauko da shi,
Bok-nye, mai dariyar da ke tayar da tattabaru.
Tun da aka fita da ita a watan sanyi
na'ura ta koma giram ɗari, giram tamanin,
wani makon shiru, sai jira.

Jiya da almuru ya sauko rungume da tulu,
kabejin da ta jiƙa da gishiri da barkono,
na hannunta na ƙarshe.
Shekara biyu yana ci kamar mai shan magani
har fumfuna ta riga shi ga saura.

Ya ɗaga kati, na riƙe hannunsa.
Na ce, "Baba, gishiri yana ɓata taki, sai an ɗauraye."
Magana zarar bunu, ta riga ta fita.
Ya dube ni, ya dubi famfon jikin katanga,
bai ce uffan ba,
ya naɗe hannun riga ya fara.

Ganye ɗaya-ɗaya, kamar mai wanke jariri.
Jan ruwa na bin siminti,
warin tafarnuwa ya cika filin mota.
Madam Ok ta zo da kwandonta, ba ta nemi izini ba,
ta tsuguna gefensa tana matsewa.
Ya ce, "Kada ki matse sosai. Bar shi ya yi nauyi."
Karon farko na ga ta yarda da asara.

Na'ura ta ce, kilo biyu da giram ɗari huɗu.
Ya sunkuya mata yadda ake gaida babba.
Ya tambaye ni ina ake kai shi.
Na ce taki, ko iskar gas, ban tabbata ba,
motar da dare take zuwa, ban taɓa bin sawunta ba.

Tulun fa? Na yumɓu ne, ba kwalba ba, ba roba ba,
yana da buhunsa daban.
Na buɗe baki zan karanto doka,
Madam Ok ta tare ni:
"Kabeji arba'in ke jirana ranar Asabar.
Ka zo da shi, ka zo da hannunka."

Ya hau bene da tulu fanko.
Ni na ja tiyo na bi jan ruwan har magudana,
don da safe nan ne hanyar yara.