Akwatin Kakana Sastro

A Wonogiri, in an gama yankan shinkafa,
kakana yakan buɗe akwatin katako.
Warin fatar ɓauna da na man kwakwa
su ke fara fitowa.
Ni ce mai kula da fitila.

Ɗaya-ɗaya yake soke su a kututturen ayaba,
bayan farin ƙyalle, su jira kiɗan tagulla.

"Ga ɗan sarki," in ji shi, "siriri kamar kara,
kai a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa.
Ba ya gumi. Kibiya ɗaya, magana ta ƙare.
Mata na son sa. Ni hamma yake sa ni.

Ga ƙato, ido kamar garwashi,
bai iya ƙarya ba, bai iya durƙuso ba.
Kafin ya gane tambaya ya ɓalle ƙofa.

Wannan a kwando aka tsince shi bakin kogi.
Ya girma yana kiwon agwagi,
bai san jinin wa yake ɗauke da shi ba
sai ran da tabon kafaɗa ya tona asiri.

Ga gajere mai tumbi, baran gida,
takobinsa harshe.
Ya sayar wa dodo inuwarsa, ya karɓi kuɗi,
ya dawo da yamma neman ciko.

Ga wadda ta ajiye allura ta ɗauki baka.
Ga wanda aka kira sau uku
yana cewa a nemi wani."

Sai ya yi shiru a kan guda.
"Wannan ya san ubangidansa ba shi da gaskiya,
amma ya ci gishirinsa.
Zai mutu gab da asuba,
kuma shi za a yi wa kuka."

Na leƙa ƙasan akwati.
Akwai wani can, fenti ya goge,
hannu ɗaure da zaren kamun kifi,
wuya ɗinki kan ɗinki.
Na ce, Kaka, wannan fa, wa ke nan?

"Ba shi da suna. Sojan farko ne.
Shi ke shiga fili tun mutane na neman wurin zama,
a sare shi, don a san takobi na da kaifi.
Shekara arba'in da ɗaya yana faɗuwa.
Ba a taɓa tafa masa ba.
Ɗan sarki sau biyu na yi masa gyara.
Wannan kuwa, na daina ƙirga."

Bana hannun Kaka rawa yake,
ba ya riƙe ko kofin shayi.
Ni na zauna bayan ƙyalle, na tanƙwashe ƙafa.
Da tagulla ta amsa, na ɗaga marar sunan,
na bar shi tsaye cikin haske
numfashi uku fiye da ƙa'ida.

Daga cikin duhu na ji tarin Kaka.
Ban san ko faɗa ba ne.
Sannan na kayar da shi.