Fassarar Sallau

Ruwan Yuli ya ci ɗakin ƙasa a Agege,
muka fito da kaya muna shanya a kan katanga.
Ƙarƙashin buhun goron da ya ruɓe
sai ga jakar Sallau, zif ɗinta ya yi tsatsa,
cike da kaset ɗin bidiyo, arba'in ba ɗaya,
fumfuna ta yi musu furfura irin tamu.

Na ɗauki uku na kai wa Baba Lasisi
a rumfarsa ta bakin layin dogo.
Ya dube ni ta saman tabarau:
“Malam, wannan ai gawa ka kawo mini.”
Duk da haka ya jiƙa auduga da sifirit,
ya goge kan na'urar kamar mai wanke miki,
ya hura, ya mare ta da tafin hannu.
Akwatin ya yi tari, ya cika da ƙudaje,
sai ga dutse, ga doki, ga wata mai dogon gashi
tana gudu cikin ruwan sama tana kuka.

Na san ta. Wallahi na san ta.
Shekara talatin tana wannan gudu,
ni ne gwiwata ta gaji.

A lokacin, shagon Sallau faɗin tabarma uku ne,
benci huɗu, baƙin labule, janareta mai fushi.
Naira biyar ka shiga. In babu,
ka leƙa ta hudar kwano har wuya ya ƙage.
Mahautan kwata da ƙarnin jini a riga,
masu yankan farce, masu dakon goro,
yaran Iya Risi da farantin burodi a cinya,
mun matse, gumi ɗaya, numfashi ɗaya.
Sallau na tsaye gefen akwati, sandar rake a hannu,
yana juya mana Indiyanci zuwa Hausa,
ya ɗan yafa Yarbanci saboda na baya.

“Ta ce masa: ko rigarka za ka sayar,
sai ka cika alkawarin da ka ɗauka!”
“Ya ce: ni ɗan Funtuwa ne, ba na gudu!”
Mu kwashe da ihu, kwanon rufi ya amsa.
Jirgin ƙasa ya wuce ya haɗiye rabin zance,
Sallau ya mayar da kaset baya, kyauta.

Daren jiya Lantana ta nemo shi a waya,
da fassara rubuce a ƙasa, tsaf.
Na karanta, na goge tabarau, na sake.
Ba riga. Ba alkawari. Ba Funtuwa.
Rigimar gona ce tsakanin 'yan'uwa,
yarinyar ma ba masoyi take bi ba,
likita take nema.

Ashe yayana ko “sannu” bai iya da yaren ba.
Ido yake karantawa, da girar da ta ɗaga,
sauran ya cike da abin da ke cin mu:
kuɗin haya, wasiƙar gida da ta ƙi zuwa,
da wadda ya ce wa zai dawo kafin Sallah,
har Sallah goma sha ɗaya ta wuce,
aka kai shi makwancinsa nan Ikko
da warin man janareta a hannunsa.

Lantana ta ce, “Baba, ashe ƙarya yake muku.”
Na ce ta rage hasken wayar, yana damun idona.

Yau na koma rumfar Baba Lasisi.
Kaset na biyu sautinsa ya mutu,
hoto kaɗai, yana rawa, layi na hawa da sauka.
Wani tsoho a ciki ya riƙe hannun ɗansa
a bakin tasha, leɓɓansa na motsi.
Yara biyar suka tsaya da bokitin ruwa a ka,
ɗan acaba ya kashe babur.
Ƙaramar cikinsu ta ja mini hannun riga:
“Baba, me yake cewa?”

Na duba hagu, babu rake.
Na ɗauki sukuddirebar Baba Lasisi,
na miƙe, na gyara murya.
“Ya ce masa: in ka isa, ka aiko da saƙo.”