Sunan da Kaka Ta Sani

A Dakota ƙanƙara ta rufe makiyaya.
Hepan ya tsai da mota a bakin shinge.
Ga su can, baƙi ƙirin, kamar duwatsu masu numfashi,
tururi na tashi daga hancinsu.

A makaranta an ce masa bison,
mahaucin gari ya ce bafalo,
ya rubuta a kwali, da farashi.
Kaka, daga kujerar baya, ta ce: Tatanka.

Me yake nufi? in ji Hepan.
Ta daɗe ba ta tanka ba.

Bijimi ne, macen kuma pte,
amma wannan amsar 'yan littafi ce.
Fatarsa ce rufin ɗakin kakata,
ƙahonsa cokali, jijiyarsa zare,
busasshen kashinsa ya dafa mata abinci.
Da aka riƙa harbinsu ta tagar jirgin ƙasa,
mu aka auna.

Babban cikinsu ya ɗago kai,
tozo kamar tudu, gemu duk ƙanƙara.
Ya fuskanci iska, bai ba ta baya ba.

Kaka ta sauke gilashi, sanyi ya shigo.
Gaishe shi mana, ta ce,
yayanka ne.